Rabon Kawu Yafet

Ranar Asabar ɗin da aka yi bikin godiya a gidan su Hulda, Gershon ya ɗauke naman Kawu Yafet ya ciyar da mutanen gari da shi.

Ba sata ya yi ba. Gara a faɗi wannan tun da wuri, domin kafin rana ta faɗi ran Lahadi rabin Kafanchan sun gama yanke masa hukunci, sauran kuma jira kawai suke a ba su labarin su yanke nasu.

Gershon malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati. Yana da riguna biyu na shiga mutane, da babur guda mai tashi idan ya ga dama. Da an tashi makaranta sai ya wuce Tukunyar Kowa, wani wurin girki da matan unguwa suka buɗe a tsohon sito kusa da layin dogo.

Aikin wurin ba shi da wuyar ganewa. Tumatirin da ya fara laushi a kasuwa, doyar da ta karye wajen sauke kaya, kabejin da bayansa ya yi baƙi, shinkafar da ta rage a tukunyar gidan biki ko gidan makoki, duk a kwaso, a gyara, a dafa, a zuba wa wanda ya shigo. Ba a tambayar mutum coci yake zuwa ko masallaci. Ba a tambayarsa ko yunwa yake ji, tunda wanda ya ƙoshi ba ya tsallako layin dogo da rana tsaka don ya ga kyawun sito.

Gershon ne mai kwasowa. Hulda, wadda ke aiki a wani kemis da safe, ita ke riƙe da ludayi da yamma. Yadda suka fara ba wani labari ba ne. Mutum biyu da suka shekara suna yanka albasa a kan tebur ɗaya sun riga sun ga hawayen juna, abin da ya rage kaɗan ne.

Matsalar tana gida. Anti Rosemary, ƙanwar baban Hulda, ta riga ta zaɓa wa 'yar wanta miji: Jason, mai sayen citta buhu-buhu yana lodawa kudu, mai farar mota mai buɗaɗɗen baya. Jason kuwa ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Yana gaida manya, yana ba da baiko mai nauyi, yana dariya ko da labarin bai kai ba.

Sai dai a danginsu ba anti ke da maganar ƙarshe kan auren 'ya ba, ba ma uba ba. Kawu ne, wan uwa. Kuma duk ranar da aka yanka akuya a gidan ƙanwarsa, cinya ɗaya da wuya nasa ne. Ba ya tambaya. Ɗan gida ne zai ɗauka ya kai masa har ƙofa, a ranar, kafin gari ya yi duhu.

Kawun Hulda shi ne Yafet, tsohon hedimasta. Matarsa Serah ta rasu, 'ya'yansa suna Abuja da Legas suna tunawa da shi duk Kirsimeti. Yana zaune shi kaɗai a hanyar Kagoro da littattafai da rediyo, yana gyara wa masu karanta labarai Turancinsu ba tare da sun ji ba.

Ran bikin, baban Hulda ne ya yi ritaya, aka yi sujadar godiya aka dawo gida, aka yanka akuya. An kafa kanofi, matan zumunta suna buga tulu suna juyi, hadari yana ta haɗuwa ta gefen dutse. Kawu Yafet ya zo cikin tsohuwar kwat da laktaye. Kujerun gaba sun riga sun tafi wurin Jason da abokansa, tunda shi ya kawo janareta da lemo. Aka nuna wa tsohon wata kujerar roba a can gefe, daidai inda kanofi ke ɗiga.

Gershon ya ga lokacin da Kawu ya tashi, domin shi ma a gefen aka ajiye shi. Tsohon ya kakkaɓe ruwa daga kafaɗarsa, ya buɗe lema, ya fita kafin a fara rabon abinci. Mai gabatarwa a lokacin yana tsakiyar gode wa Jason.

Gershon ya zo ne da alkawarin da ya yi wa kansa: yau shi baƙo ne, ba zai taɓa bokiti ba. Alkawarin ya kai har yamma. Da baƙi suka watse, ya hango kwano mai faɗi cike da jalof an bar shi a buɗe, yayyafi na sauka a kai. Ya dubi Hulda. Hulda ta dubi kwanon, ta dube shi, ta ɗaga gira.

Ya naɗe hannun rigarsa ta shiga mutane.

Ya kwashe jalof, ya kwashe ragowar tuwon acca da ba a taɓa ba. A bakin famfo, cikin tulin faranti masu datti da kwalaben lemo, ya ga wata shuɗiyar kula a rufe, an ture ta waje tare da shara. Ya ɗaga, ya ji nauyi. Ya nemi wanda zai tambaya, babu kowa kusa sai Anti Rosemary, ta jingina da tagar motar Jason tana sallamarsa kamar wanda zai tafi ƙasar waje.

"Anti, wannan kular fa?"

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta kaɗa hannu ta baya. "Kwashe duka, abeg. Kar a bar mana ƙuda."

Ya kwashe duka.

Mama Emilia, shugabar Tukunyar Kowa, ita ta buɗe kular. Mace ce gajeriya mai muryar da ke kaiwa tasha. Ta leƙa ciki ta dafe ƙirji.

"Yesu na! Wane gida ne ya zubar da cinya guda?"

"Gidan surukaina," in ji Gershon, har da ɗan alfahari.

Aka yayyanka naman ƙanana-ƙanana yadda kowa zai gamu da shi, aka zuba cikin faten tsaki. Ranar har masu dako daga tasha sai da suka yi layi. An suɗe tukunya, an yi addu'a iri biyu a kan gidan da ya aiko.

Washegari bayan sujada, wani dattijon coci ya tsaya a ƙofar gidan su Hulda da saƙo daga Kawu Yafet. Saƙon gajere ne. "A gaya wa ƙanwata na gode. Na ƙoshi."

Maman Hulda ta zauna a inda take tsaye. Aka shiga neman kula. Bayan ƙofa babu, kicin babu, ƙarƙashin gado babu. Ana cikin haka babur ya tsaya a waje, Gershon ya shigo da fara'arsa, rungume da shuɗiyar kula, an wanke ta fes har tana ƙamshin sabulu.

"Mama, ga kularku. Mutane sun ce a yi muku godiya, naman ya yi daɗi."

Maman Hulda ta ɗora hannu a ka.

Anti Rosemary ce ta fara samun numfashi. "Ga shi nan! Ga ɓarawon ya kawo kan shi! Rabon Kawu ka ɗauka? Rabon Kawu! Mutum bai kawo ko gishiri gidan nan ba, ya fara kwashe mana nama. Na faɗa muku wannan tica ɗin yunwa ke damun shi!"

"Anti, ai ke ce—"

Bai ƙarasa ba. Hulda tana tsaye a bayan mamanta, ta girgiza masa kai a hankali, idanunta sun ciko. Ya haɗiye sauran. Ya ajiye kular a ƙasa, ya ce a yi haƙuri, ya fita. Babur ɗin, da yake shi ma yana da ra'ayinsa, ya ƙi tashi. Haka ya tura shi har kwana, matan unguwa suna kallo daga ƙofofinsu.

Kafin tsakiyar mako yaran ajinsa sun raɗa masa suna Tica Cinya. Ba a gabansa suke faɗa ba. Sai ya juya yana rubutu a allo wani zai yi kukan akuya can baya.

Da yamma ya sami Hulda a bayan sito tana tsince tumatir, mai kyau nan, wanda ya lalace can. Ya zauna a kan buhun gawayi.

"Zan je wurin Kawu in gaya masa yadda aka yi."

"Ka gaya masa me?"

"Gaskiya. Cewa a bakin famfo na tsinci kular, cikin shara. Cewa na tambaya, Anti da bakinta ta ce in kwashe."

Hulda ta ajiye tumatirin da ke hannunta. "Sai kuma me?"

"Sai sunana ya wanku."

"Naka ya wanku. Shi kuma me zai ji?" Ta juyo ta dube shi. "Gershon, ka yi tunani. Yanzu abin da Kawu ya sani shi ne an ware masa rabonsa, wani baƙo da bai san al'adarmu ba ya ɗauke. Zai yi fushi, zai huce. Idan ka faɗi naka, abin da zai ji shi ne ba wanda ya tuna da shi. An zaunar da shi a ruwa, ya tafi ba a sani ba, an jefa namansa cikin faranti masu datti."

"Ai haka aka yi."

"Na san haka aka yi! Ina gidan. Ni ma ban tuna ba." Hawaye suka zubo mata. "Ni ce ya kamata in kai masa. Kullum ni nake kaiwa tun da Anti Serah ta rasu. Ranar hankalina yana kanka, ina tsoron kar su wulaƙanta ka."

Gershon bai taɓa jin laifi mai daɗi kamar wannan ba, amma ya san ba lokacin murmushi ba ne.

"Kuka kike, ko albasa ce?"

"Tumatir nake tsincewa, wawa." Ta share fuska da gefen zani. "Gidanmu kaɗai ya rage masa wurin zuwa. Idan ya ji an manta da shi, ba zai sake taka ƙofarmu ba. Na san shi. Zai zauna da rediyonsa har ranar da maƙwabta za su ji shiru ya yi yawa."

"To ni fa? Mutumin da zai ce e ko a'a kan aurenmu yana ganina ɓarawon nama. Anti tana zuwa wurinsa safe da yamma da sunan Jason a baki. Idan ya ce Jason fa?"

"Zan ce ba na so."

"Sai su ce kin bijire wa kawu saboda mai kwashe ragowa. Mamanki za ta iya ɗaga kai a zumunta?"

Kuka ta ci gaba da yi, tana jefa tumatir mai kyau cikin na banza ba ta sani ba. Ya miƙa hannu yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," ta ce daga baya. "Cewa na yi ka yi shiru."

"Shiru a gaban hedimasta? Mutumin da ya yi rayuwarsa yana matse amsa daga bakin yara?"

"Don ni."

"Idan bai tambaya ba, ba zan faɗa ba. Idan ya dube ni ya tambaya, Hulda, ban san abin da bakina zai yi ba."

Daga cikin sito Mama Emilia ta ƙwala kira. "Ku biyun nan! Soyayya za mu zuba wa mutane a faranti? A kawo mini tumatir!"

Shi kuwa Jason, da ya ji abin da ya faru, ya yi abin da mai mota zai yi. An cinye wa tsoho cinya, sai ya saya masa akuyar gaba ɗaya. Ƙaton bunsuru ya ɗauko a bayan mota, ya kai hanyar Kagoro, ya ɗaure a jikin gwaiba, ya durƙusa ya yi gaisuwa ya tafi. Anti Rosemary ta bi gida-gida da labarin.

Abin da ba ta ba da labarinsa ba, don ba ta sani ba, shi ne bunsurun ya tsinke igiya. Ya cinye alayyafon Kawu har ƙasa, ya ci rabin jaridar da aka bari a baranda, ya tsaya a bakin taga yana amsa wa rediyo.

Ranar Alhamis, ana tsakiyar rabon abinci, Rabi'a mai tumatir, wadda ke taya su wanke-wanke idan kasuwa ta lafa, ta leƙa waje ta dawo da gudu.

"Mama Emilia, ga wani mai kwat yana tsallako layin dogo da bunsuru!"

Gershon ya leƙa. Bokitin da ke hannunsa ya kusa faɗuwa. Kawu Yafet ne, da laktaye, lema a hannun dama, igiya a hannun hagu. Shi yana ja gaba, bunsuru yana ja baya, kowannensu da mutuncinsa.

Ya tsaya a ƙofar sito ya ƙare wa wurin kallo: bencina, manyan tukwane, tsofaffi da masu dako da mata masu goyo, kowa kansa a faranti.

"Wace ce shugaba a nan?"

"Ni ce, Baba," in ji Mama Emilia, tana goge hannu.

Ya miƙa mata igiyar. "An ce ku kuke karɓar abin da ya fi ƙarfin mai shi. Ga wannan. Ni kaɗai ne a gida, ba ni da firij, haƙorana ma ba su cika ba. Wanda ya kawo shi bai tambayi ko ɗaya daga ciki ba."

"Allah ya sa albarka! Rabi'a, ɗaure shi nesa da kabeji." Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "To Baba, wuƙa ko faranti?"

"Me kika ce?"

"Dokar wurin nan ke nan. Wanda ya shigo, ko a ba shi faranti ya ci, ko a ba shi wuƙa ya fere doya. Ba mu da kujerar 'yan kallo."

"Ni shari'a ta kawo ni."

"Shari'a ba ta hana fere doya. Zauna."

Ba wanda ya taɓa ce wa Kawu Yafet zauna tun da aka binne matarsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya zauna. Aka ba shi wuƙa da rabin doya. Ya fara fere ta kamar mai fiƙe fensir, rabin doyar na tafiya da ɓawo.

"Haba Baba!" Mama Emilia ta ƙwace. "Mu nan hana ɓarna muke yi. A ba shi faranti, wuƙa ba tasa ba ce."

Hulda ce ta zuba masa fate. "Sannu da zuwa, Kawu."

"Yawwa. Ashe kina gane ni."

Ya ɗauki cokali. Tsohon da ke kusa da shi a benci, wani Meshak da ya yi aikin jirgin ƙasa tun jirgi yana zuwa kan lokaci, ya matso ya dafa masa gwiwa.

"Hedimasta, ka makara. Da ran Asabar ka zo! Nama muka ci, nama na gaske, cinya. Rabona da irin shi tun Kirsimeti. Allah ya albarkaci wanda ya ba da shi."

Kawu Yafet ya daɗe yana kallonsa.

"Amin," ya ce.

Ya ci cokali ɗaya, ya ci na biyu. Bai ce da daɗi ba, amma bai ajiye cokalin ba.

A nan farar mota ta tsaya a waje. Labari ya riga ya kai cewa an ga bunsurun Jason yana tsallaka layin dogo. Anti Rosemary ta shigo tana haki, Jason na biye da ita yana gaida kowa.

"Kawu! Me ya kawo ka irin wannan wurin? Ka tashi mu kai ka gida. Wannan ba wurin manya ba ne, wurin masu kwashe-kwashe ne." Ta nuna Gershon da baki. "Ga ogan su nan. Ko kunya babu, yana tsaye yana kallon ka."

Gershon ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Kukan akuya a aji, idon matan unguwa, tura babur har kwana, duk suka taso masa lokaci guda. Hulda na can bakin tukunya, ta riƙe ludayi da hannu biyu tana roƙonsa da ido. Wannan karon ya kau da kai.

Kawu Yafet ya goge baki da hankici. "Kai, malamin lissafi. Matso nan."

Ya matso. Ya durƙusa.

"Kai ka ɗauki rabona?"

"Ni ne, Kawu."

"Ka san nawa ne?"

"Ban sani ba."

"To." Tsohon ya gyara tabarau. "Tambaya ta ƙarshe, kuma ka san ba na son dogon bayani. Lokacin da ka ɗauka, a ina kular take? Kuma wa ke shirin kawo mini ita?"

Cokula suka tsaya a sito. Anti Rosemary ta gyara ɗankwalin da bai karkace ba. Wani abu, da alama, ya fara dawo mata.

Gershon ya ja numfashi. Ya yanke shawara. Duk abin da zai faru ya faru.

"Kawu, gaskiyar magana, lokacin da na—"

Tsohon ya ɗaga cokali. "Ya isa."

"Ban ƙarasa ba, Kawu."

"Ban ce ka ƙarasa ba. Na yi shekaru ina tambayar yara. Tun kafin yaro ya buɗe baki na san ko yana da amsa." Ya juya ya dubi Anti Rosemary, dogon kallo irin wanda ke sa babban mutum ya tuna bai yi aikin gida ba. Ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jakarta. "Wannan yana da ita tun ran Lahadi. An kira shi ɓarawo, ya riƙe ta. Wanda ya iya riƙe amsa haka zai iya zama da danginmu. Aiki ne mai buƙatar hakan."

Hulda ta saki ludayi cikin tukunya ta rufe baki.

"Kar ki fara kuka, ban ce na ba shi ke ba. Cewa na yi ya kawo mutanensa in gan su. Kuma ya ci mini nama, sai ya biya."

"Zan saya, Kawu, da an yi albashi—"

"Wa ya ce ka saya? An riga an sayo mini ɗaya, ya cinye mini alayyafo. Wannan babur naka, yana ɗaukar mutum biyu?"

"Idan ya ga dama."

"Ya ga dama. Kullum da yamma za ka zo ka ɗauko ni ka kawo ni nan. Ba don abincin ba. Gishiri ya yi masa yawa."

"Gishirin wa?" in ji Mama Emilia, ta riƙe ƙugu. "Mutum ya suɗe faranti yana maganar gishiri!"

"Na suɗe ne don kar a ce na yi ɓarna."

Sito ya ɗauki dariya. Jason ma ya yi, wannan karon labarin ya kai. Ya sosa kai ya dubi bunsurunsa da ke ƙoƙarin kaiwa ga kabeji. "To Mama, shi wannan fa?"

"Ran Asabar za ka gan shi cikin fate. Wuƙa ko faranti?"

Jason ya dubi agogonsa, ya dubi Hulda, wadda ba shi take kallo ba. Ya ce faranti.

Anti Rosemary kaɗai ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ta rataya jaka, ta tsaya a ƙofa. "Baban Hulda bai ji wannan ba tukuna," ta ce. "Kuma mutanen shi da za su zo, zan ga da me za su zo." Ta fita tana danna waya tun kafin ta kai layin dogo.

Da aka gama wanke-wanke, Gershon ya fito da babur. Ya taka sau ɗaya ya tashi, abin da bai taɓa yi wa mai shi ba. Kawu Yafet ya hau baya a hankali, ya sa lema a hammata, ya kama rigar Gershon da hannu biyu. Hulda ta biyo su da ɗan kwano a leda ta rataya a hannun babur, na karin safe.

Suka hau hanyar Kagoro. An yi ruwa da rana, gonakin masara sun yi kore shar, tsohon yana ta gyara masa tuƙi daga baya: ka rage gudu, ga rami, wa ya koya maka kwana.

Maganar tana nan a bakin Gershon, ya daɗe yana shirya ta, har ya san inda zai sassauta murya. Gajeriya ce: an manta da kai, Kawu, ba wanda zai kawo maka. A ƙofar gida ya juyo, yana ganin ko yanzu ne.

Tsohon ya sauka, ya karɓi kwanonsa, ya ɗaga murfin ya shinshina.

"Gobe kar ka makara," ya ce. "Matar nan za ta ce tsoronta nake ji."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Gershon bai faɗa ba ranar, bai kuma sake samun ranar faɗa ba.